Akori-kurata ta shiga kulle

Shekarar da fetur ya gagari talaka, na ga ni ma ai mai dabara ne: zan ƙara wa tsohuwar akori-kurata tsayin bodi, in riƙa kai wake kasuwar Dawanau sahu ɗaya maimakon biyu. Na kira mai walda har cikin garejin gidana.

"Malam, ka auna ƙofar nan kuwa?" in ji shi.

"Ni da na gina ta? Yi aikinka kawai."

Da ya gama, na loda wake, maƙwabta suka taru kallo, na ba motar wuta. Ƙarfe ya daki saman ƙofa, ƙasa ta zubo. Kwana tara ina gardama kafin na yarda a rushe ƙofar.

Har yau a majalisa tambayata ake yi: "Malam, ya amarya? An fara barin ta fita unguwa?"