Ranar da Na Karkaɗo wa Maigidana Ƙarara

Har gobe ba zan taɓa mantawa da daminata ta farko a aikin malamin gona ba, a wani ƙauye tsakanin Funtua da Malumfashi, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Aikin na gwaji ne. In maigidana Malam Bawa ya zo da kaka ya ga abin kirki, a tabbatar da ni, in bai gani ba in tattara komatsaina.

Ni kuwa ɗan birni ne, duk nomana a littafi yake. A makaranta an ba mu labarin wani wake mai yaɗo na kurmi, mai gyara ƙasa. Sai na roƙi wani abokina ma'aikacin jirgin ƙasa ya samo mini irinsa daga kudu, ya kawo mini cikin gwangwani.

Na shuka a gindin rumfar gonar gwaji, sati uku shiru. Da mai hankali ne da ya haƙura. Ni sai na tone su, na zauna ina kankare ɓawon kowace ƙwaya da wuƙa, na jiƙa su (haka littafi ya ce a yi wa iri mai taurin ɓawo). Kwana biyar suka tsiro, kafin wata biyu sun naɗe dirkoki sun rufe rumfar ruf.

Wata rana Baba Nomau, wani dattijon Bamaguje, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam, wannan fa ƙarara ce."

Ban taɓa jin kalmar ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya. Na ce, "Na sani, Baba, da gangan na shuka."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, ku 'yan boko kun fi mu sani." Daga nan mutane suka daina raɓar rumfar, ni kuwa na ɗauka girmamawa ce.

Ranar da Malam Bawa ya zo, kwasfar waken ta bushe, ta yi gashi lufluf. Na zaunar da shi cikin rumfa da farar babbar rigarsa, manoma suna can nesa a tsaitsaye. Kafin ya ɗaga kai na kama dirka na girgiza da ƙarfi don kwasfa ta zubo ya gani. Gashin ya sauko mana kamar ƙaiƙayin gero.

Malam Bawa ya dubi sama, ya dube ni, fuskarsa ta canza. Sai na ga maigidan nawa, dattijon da ko murmushi ba ya yi, ya jefar da hula, ya tuɓe riga gaban mata, yana susa hannu bibbiyu. Na yi mutuwar tsaye, ban gane komai ba, sai da wuyana ya kama da wuta. A guje muka yi rafi, ni a gaba (wannan ma wani abin kunyar ne).

Muna zaune cikin taɓo har wuya ya ce, a hankali, "Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa ganin wanda ya yi wa ƙarara reno ba."

Ba a kore ni ba, ba a kuma tabbatar da ni ba. Sito aka mayar da ni a Funtua, na shekara ina ɗinkin buhunan auduga. Tun daga nan, in tsoho ya faɗi kalmar da ban sani ba, sai in ja da baya taku uku tukuna, sannan in ce, "Baba, mece ce ita?"