Yadda Za Ka Zama Tafintan 'Yan Caina Ba Tare da Ka Ji Yarensu Ba

Idan mutum biyu ba sa jin yaren juna, ka shiga tsakani ka faɗa wa kowa abin da yake son ji, suka rabu suna murmushi, wa aka cuta? Na daɗe ina juya wannan tambaya, ban samo amsa ba. Abin da na samo shi ne hanya, kuma na ba ka tabbaci: ka bi ta, kafin a haƙe doya za a riƙa kiran ka tafinta. Surajo, mai sayar da kayan mota a Apo ta Abuja, ya gwada ta, ta kuma yi masa aiki har ranar da ya saɓa mata.

1. Cika waya da manhajoji

Sauke duk manhajar koyon Sinanci da ka samu kyauta, amma kada ka wuce darasin farko. Ilimi mai yawa yana kawo shakka. Surajo ya tsaya a gaisuwa, da "ina son shayi", da "wannan tuffa ta yayata ce", sai wata kalma, hawo, mai nufin "da kyau". Riƙe ta gam, ita ce jarinka.

2. Yi karatu inda ido yake

Karatun ɗaki asara ne. Zauna a bakin shago, ƙure muryar waya, ta faɗa ka maimaita kana ɗaga gira. Ba a jima ba makanikai suka sa wa Surajo suna Malam Caina. Ya ce su bari, da irin muryar da ke cewa a ƙara.

3. Jira mabuƙaci

Zai zo. Na Surajo shi ne Enoch, wani manomin Yangoji da ke sayen birkin akori-kurarsa a wajensa. Wani kamfani zai fitar da hanyar tipa ta gefen gonarsa, ga kuma kabarin mahaifiyarsa nan a ƙarƙashin ɗorawa. Injiniyan ɗan Caina ne, Turancinsa bai fi cikin cokali ba. Enoch ya roƙi Malam Caina ya je ya ji masa inda hanyar za ta bi. Idan naka ya zo, kada ka ce ba ka iya ba. Ka ce ayyuka sun yi maka yawa, sannan ka shiga mota.

4. Fassara fuska, bar magana

Baƙo ya yi murmushi, ka ce yana gaisuwa. Ya ɗaure fuska, ka ce rana ce ta dame shi. Duk zuwan da suka yi, injiniya sai ya nuna tarin duwatsun kabarin da ke gindin ɗorawa ya yi dogon bayani, Surajo ya gyaɗa kai ya ce, "Hawo, hawo." Sannan ya juya ya shaida wa Enoch cewa oga ya yaba da doyar bana. Kowa ya koma gida da farin ciki. To, wa aka cuta?

5. Kada ka taɓa ajiye waya a tsakani

Wannan ce uwar dokokin. Akwai manhajar da ake yi wa magana ta fassara da kanta, kuma ita ce babbar maƙiyiyarka. Enoch ya taɓa cewa ya ji labarinta a coci, ko za su gwada? Surajo ya ƙi, ya ce na'ura ba ta san ladabi ba, tana iya zagin oga. Haddace wannan amsar.

6. Guji kallon idon mai gona

Nan Surajo ya faɗi. Ran nan suka iske katafila a bakin gona tana hayaƙi. Injiniya ya sake nuna duwatsun, ya sake tambaya, ya zuba wa Surajo ido. Hawo ɗaya ya rage a gama. Sai Enoch ya kama hannun rigar Surajo.

"Malam Caina, don Allah ka tambaye shi da kyau. Hanya zai bi ta kan Mama ne?"

Surajo ya buɗe baki. Babu komai a ciki sai shayi da tuffar yayarsa. Sai ya zaro waya, ya buɗe manhajar nan, ya ɗora ta a kan akori-kura, ya ja da baya.

Injiniya ya yi magana, waya ta faɗa da Turanci, kowa na ji. Ashe tun zuwan farko yake tambaya ko kabari ne a wurin, don ya kauce, ko kuwa a share. Kullum kuma tafinta yana cewa da kyau.

Enoch bai yi faɗa ba. Ya dai ce, "Surajo, ka zauna a inuwa, mu za mu ƙarasa." Tun daga ranar ba wanda ya sake kiran sa Malam.

Gargaɗi

Hanyar tipa ta yi gwiwa a wajen ɗorawa, kabari yana nan, suna ya tafi. Ka ga abin da saɓa doka ta biyar ke jawowa. Ni dai hanya na nuna. Wanda ya bi ta aka yi masa duka, ko ya bar ta ya rasa muƙami, kada ya neme ni. Idan kuma ranar Lahira aka tambaye ka wa ya koya maka, ka sani can ba a shiga da tafinta.