Watandar Lawandi

In dai cika baki ne, duk Tudun Wadan Zariya an sallama wa Lawandi. Ka ce ka ga wata sabuwar dabara, zai ce tasa ce aka sace tun yana firamare. Ni kam har tausayin kunnen matarsa nake ji.

To, shi da abokansa biyu, Zakiru da Hafizu, suka ƙirƙiro wani wasan kati, suka sa masa suna Gumurzun Bokaye. Kowane ɗan wasa boka ne, yana tara katunan asiri yana cika burgamensa, wato jakar bokancinsa, sannan a gwabza. Akwai manyan katuna irin su Tsawa da Sagau da Layar Zana. Akwai kuma Kwaɗo, katin banza, in ka jefa shi ba abin da yake yi sai kuka. An gama komai, saura yadda za a raba katunan a farkon wasa. Suka yi alkawari, duk wanda tsarinsa ya fi, sunansa za a buga a jikin kwalin.

Zakiru ya ce, "Ni a ganina a ba kowa katuna a hannu, ya zaɓi ɗaya, ya miƙa sauran ga na kusa da shi, har su ƙare."

Lawandi ya ja tsaki, mtsw! Ya ce, "Miƙe-miƙe kamar ana rabon goro? Watanda za mu yi, malam. A kasa katuna a kife, irin kason nama. Babba ya fara ɗauka, sai na damansa, har a zagayo. Ga tarbiyya, ga adalci."

Hafizu ya ce, "Babban kuma kai ne ko?"

"To laifina ne da aka riga haifata?"

Suka ce a gwada ranar Asabar. Gogan naku ya koma gida ya kulle ɗaki, ya shiga aiki. Kaso na farko ya danƙara masa Tsawa da Sagau da Layar Zana, ya ɗan karya kusurwar katin saman don ya gane shi. Na biyu ya zuba masa matsakaita. Na uku kuwa ya tattaro duk wani Kwaɗo da ke cikin wasan ya jibge, yana dariya shi kaɗai.

Ranar Asabar bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a zauren su Hafizu. Lawandi ya dasa Zakiru a hagunsa don ya zama na ƙarshe, ya jera kason nan uku, ya ce, "Wallahi sai da na cakuɗa su har hannuna ya yi tsami."

Ana haka sai ga sallama. Yaya Mudassir ne, wan matar Lawandi, mai shagon ɗab'in da ya yi alkawarin buga musu wasan. Hafizu ya yi zumbur ya tashi ya ba shi wurinsa. Lawandi kuwa kai ya ƙara kumbura, ga damar burge dangin mata ta samu.

"Bismillah, Yaya! Matso nan damata ka ga aikin ƙwaƙwalwa. Babba ke fara ɗauka, sai na damansa."

Yaya ya gyara zama ya ce, "Madalla da wannan tarbiyya. Ashe ni zan fara."

Ras! Gaban Lawandi ya faɗi. Ya dubi furfurar Yaya, ya dubi Zakiru da ke zaune a daman Yayan, ya lissafa zagayen a zuci. Shi ne na ƙarshe.

"A'a, Yaya, ai babba a harkar wasan ake nufi."

Zakiru ya ce, "Haba Lawandi! A gaban Yaya za ka ce kai ne babba?"

Lawandi ya sake dabara. Sai ya ɗora gwiwar hannu a kan kason nan mai karyayyar kusurwa, ya nuna na kwaɗin da baki. "Yaya, wancan ya fi alamar albarka."

Yaya ya ce, "Na gode. Amma ɗaga min hannunka, wannan da kake kwanci a kai nake so."

Caraf, ya ɗauke. Lawandi ya bi kason da kallo. Saura biyu. Ya juya ga Zakiru yana yaƙe, zufa na tsattsafo masa. "Zakiru mutumina, dubi wancan, har kauri ya fi."

"Tunda kana yabonsa, na bar maka."

Zakiru ya sure na matsakaitan. Kaso ɗaya tilo ya rage a kife a tsakiyar tabarma. Lawandi ya zuba masa ido, abin ya zo masa wuya, ya miƙe tsaye.

"Wannan ai zalunci ne! Ni na kawo tsarin, kuma ni za a bar wa kwaɗin?"

Hafizu ya leƙo daga baya ya ce, "Waɗanne kwaɗi? Ai ba ka buɗe ba."

"Ina nufin... jikina ne ya ba ni."

Yaya Mudassir ya sa hannu ya fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Kwaɗo. Kwaɗo. Wani Kwaɗon. Duk wanda ya faɗo, Hafizu ya ce, "Ƙwarrr!" Zakiru ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki. Har aka kai na ƙarshe ba a samu ko Atishawa ba, wadda ita ma katin marasa galihu ce.

Yaya ya share hawayen dariya ya ce, "Zakiru, kawo naka tsarin, shi za mu buga."

Sannan ya zaro waya daga aljihu. Lawandi ya durƙusa. "Yaya, don Allah wa za ka kira?"

"Ƙanwata mana. Gara ta tanadi baho da ruwa, tunda mijinta ya fara kiwon kwaɗi."