Wushiryar Gurzan

Ni da Sabo, wani abokina ɗan Ajingi, muke fitar da labarin zane a intanet, na yaƙin duniyoyin sama. Ni ke ƙirƙirar sunaye, shi ke zane, kuma shi kaɗai ake yabo. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Da zazzaɓi ya kwantar da shi, na ɗauki fensir ba ko shakka. Jarumin, Kaftin Zarmal, na ba shi fuskata. Mugun sarki Gurzan kuwa na ba shi ta Sabo, har da wushiryarsa, wai don ya yi muni. Na manta a wajenmu wushirya ado ce.

Da na ɗora shi a intanet, kafin la'asar sharhi ya cika. "Kai, Gurzan ya haɗu!" Wata har ta tambaya ko yana da aure. Jarumina mutum ɗaya ya kula shi: "Wannan mai kai kamar tulu, yaushe zai mutu?"

Sabo ya bugo waya, yana tari yana dariya: "Mutumina, na gode da talla."

Har yau a tashar Gaya 'yan acaɓa na ɗaga masa hannu: "Ranka ya daɗe, Gurzan!" Sannan su juyo kaina: "Kaftin, ashe kana nan da rai?"