Ranar da Liman Ya Tambaye Ni Ma'anar Natasha

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan 'yata ta fari ba, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Tun tana ciki na ƙudurta Natasha za a sa mata. A waya na tsinci sunan, ya yi mini daɗi a baki, shi ke nan. Hajiyarmu ta ce in tambayi malamai tukuna, na ce ai sunan Larabawa ne (ni da Larabcina bai wuce na sallah ba).

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu a unguwar Yerimaram, an raba goro da dabino. Na matsa na raɗa wa liman sunan. Maimakon ya ɗaga hannu a yi addu'a, sai ya zuba mini ido.

"Ɗana, mece ce ma'anarsa?"

"Haske, Malam. Larabci ne," na amsa da ƙarfi (a take na ƙirƙiro ma'anar).

Sai Dakta Bukar, abokina tun firamare, wanda ya yi karatun likita a Rasha, ya yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, sunan Rasha ne. Asalinsa Nataliya, Natasha kuma laƙabinsa ne, kamar yadda Hadiza ke komawa Dije. Su ma daga harshen Latin suka aro shi. Ma'anarsa ranar Kirsimeti."

Baffana ya ajiye goronsa ya ce, "Yarinyar da aka haifa a watan Maulidi? Malam, a sa mata Halima, sunan kakata. Wannan yaron ya huta." Ina zaune aka sanar da sunan 'yata ba a ko waiwaye ni ba. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Bukar. Kwana shida yana zuwa gidan nan yana shan kunun mai jego, sau uku na gaya masa sunan, bai ce uffan ba! Da na tare shi bayan taro, wai, "Ai ba ka tambaye ni ba." Ka ji mutum!

Halima ta shiga firamare yanzu, amma har masu Keke Napep na unguwar Baban Natasha suke kirana. Na dai koyi darasi: in za ka shara ƙarya a gaban liman, fara duba su wa ke zaune a kan tabarma.