Lasifikar da Na Kai Gida

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da na tsaya gaban 'yan garinmu a Sabon Garin Zariya ina ba su labarin gida. Na tsira daga hatsarin gingimari. Na tsira daga rikici har sau biyu. Duk ban ga tashin hankali irin na ran nan ba.

Ni mai faci ne a Samaru, bakin titi. Magana ba ta dame ni ba. Ka kawo taya, in liƙe, ka kama gabanka. Asalina wani ɗan ƙauye ne a kudancin Kaduna (ba zan faɗi sunansa ba, dariyar da aka yi mini ta isa). Ina ɗan shekara tara mahaifina Bitrus ya rasu, aka kawo ni Zariya wurin kawuna. Kawu shi ma ya rasu. Daga nan ban sake taka ƙauyen ba, kusan shekara talatin. Yarenmu ma ya zube mini, sai gaisuwa da zagi suka rage.

Muna da ƙungiyar 'yan gari. Lahadin farko na kowane wata, bayan an tashi daga coci, muna haɗuwa a wani ajin firamare. Bayan addu'a, abu na farko shi ne labarin gida. A lokacin wayar hannu ta fara shigowa, amma sabis bai kai ƙauyenmu ba, don haka wanda ya je gida kwanan nan shi ne rediyonmu. Zai tashi ya faɗi wa ya haihu, wa ya rasu, yadda citta ta yi bana, da gonar wa shanu suka shiga. Ni ban taɓa tashi ba. Bencin baya nake zama. Gaskiya ba don labari na shiga ƙungiyar ba. Doka ce a cikinta, ɗan ƙungiya in ya mutu, za a ɗauke shi a kai shi gida a binne. Ba ni da mata, ba ni da ɗa. Su ne za su ɗauke ni. Shi ya sa ban taɓa fashin taro ba.

To, akwai wani ƙauye da rafi ya raba mu da su. Yare ɗaya, rawa ɗaya, amma ba a ga maciji. Mu dai Tsallake muke ce musu. Washegarin Kirsimeti kowa yana bikin garinsa, ƙaho da ganga da rawa, kuma kowace shekara kiɗan Tsallake sai ya danne namu, don sun fi mu yawa. Abin ya daɗe yana ci wa dattawanmu rai. Shekarar nan ƙungiya ta yi zuciya ta sayi lasifika biyu manya, da makirufo, da ƙaramin janareta. Sai dai kayan ba su iso ba sai jajiberin Kirsimeti, masu tafiya gida duk sun riga sun wuce.

Shugabanmu, Baba Yohanna, tsohon ma'aikaci a Shika, ya zo har wurin facina tare da Mama Saratu mai sayar da doya, wadda ita ce shugabar mata.

"Ɗan Bitrus," in ji Baba, "kai ba ka shan giya, ba ka surutu. Kai za ka kai."

Mama Saratu ta dube ni sama da ƙasa. "Baba, wannan ya san hanya kuwa? Tun yana yawo ba wando ya bar gida fa."

Na ce, "Mama, garin da aka binne cibiyata zan ɓata?"

(Ita ce magana mafi tsawo da na yi a watan nan. Da ma na haɗiye ta.)

Baba ya ce, "Ba wuya. Daga mararraba ka shiga akori-kura. Inda ta tsaya na ƙarshe, nan ne gida."

Ranar Kirsimeti na ɗaura kaya. Zariya zuwa Kaduna, Kaduna zuwa mararraba, sannan akori-kura. Na zauna kan lasifika ɗaya, na rungume ɗaya, gyangyaɗi ya kwashe ni. Da la'asar direba ya buga ƙarfen mota ya ce, "Ƙarshen hanya, kowa ya sauka." Na sauka. Ga coci, ga babban mangwaro, ga dutse. Na ce, gida ke nan.

Sai dai abubuwa sun ɗan rikice mini. A tunanina dutsen yana hannun hagu in ka fuskanci coci. Yanzu ga shi a dama. Rafi kuma na san a gabas yake, sai na ga rana tana faɗuwa ta wajensa. Na tsaya ina juyawa kamar akuya a turke. Daga baya na ce wa kaina, tunanin yaro ne, yaro bai san hagu da dama ba.

Kafin in gama wannan lissafi mutane sun kewaye ni. Wani ya ce, "Daga ina?" Na ce, "Zariya. 'Yan gida suka aiko." Ai kuwa sai guɗa. Aka ɗauki lasifika a ka, aka yi gidan dagaci da ni. Wata tsohuwa ta riƙe mini fuska ta ce, "Ɗan wa?" Na ce, "Bitrus." Ta fashe da kuka ta ce, "Wayyo Bitrus! Ga hancin nan!" (Daga baya na gane babu ƙauyen da ba shi da Bitrus uku a ƙasar nan, kuma duk suna da hanci.) Ta kawo mini tuwon acha da miyar karkashi. Na ci, idona ya kawo ruwa. Na so in tambaye ta inda gidanmu yake da, amma na ji kunya a ce ɗan gida yana tambayar gida. Na ci gaba da cin tuwona.

Washegari aka yi biki. Na tayar da janareta, na haɗa waya. Mai gabatarwa ya kama makirufo yana ta zuba yare. Ban gane komai ba, sai dai ina jin yana ta kiran ainihin sunan Tsallake, jama'a suna ihu. Na ce a raina, yauwa, zaginsu ake yi. Har na tafa. Can kuma, daga ƙetaren rafi, na jiyo wani ɗan kiɗa siriri, kamar ana buga gwangwani. Na tambayi na kusa da ni, "Su ne?" Ya ce, "Su ne, 'yan baƙin ciki." Na hau mangwaron nan da kaina, na juya lasifika biyun suka fuskanci rafi, na sauko na ƙure murya. Ɗan kiɗan nan ya ɓace ɗif. Aka ɗaga ni sama.

Da zan tafi dagaci ya ba ni buhun citta, da kaza, da wasiƙa a ambulan. Ya ce in kai wa waɗanda suka aiko ni. A lokacin ban iya karatu ba. Na sa ta a aljihun gaba, kusa da zuciya.

Lahadin taro ta zo, masu hutu ba su dawo ba tukuna, don haka ni kaɗai ne mai labari. Na sa rigata ta coci. Bayan addu'a Baba Yohanna ya ce, "Yau ɗan Bitrus ne zai ba mu labarin gida." Aka tafa. Na fito gaba, karon farko a rayuwata.

Na ce, "Gida lafiya. Kaya sun isa. Mun danne su."

Ajin ya ɗauki ihu. Wata ta fara waƙar yabo. Da na zauna a nan, da na tsira na kwana biyu. Amma Baba ya ce, "Ƙara mana, ƙara mana. Yaya garin?"

"An yi wa coci rufin kwano shuɗi."

Aka kalli juna. Sakatarenmu, Malam Iliya, malamin makaranta ne, ya ɗaga kai daga littafinsa. "Shuɗi? Yaushe? Ba a sanar da mu ba."

"An kuma haƙa fanfon tuƙa-tuƙa a gaban gidan dagaci."

"Ikon Allah," in ji wani. "Shekara nawa muna roƙo?"

Na ji daɗi, bakina ya buɗe. Na ce, "Dagaci yana gaishe ku. Ya yi ƙiba."

Baba Yohanna ya cire tabarau. Dagacinmu yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. "Ƙiba? Yayana? Mutumin da yake kamar sandar rake?"

"Ya yi ƙiba, Baba. Ya kuma ɗan gajarce."

"Ya gajarce," Baba ya maimaita.

"Amma ya taka rawa sosai."

Mama Saratu ta ajiye jakarta a hankali. "Da wace ƙafar? Mutumin da shekara goma sai da sanda?"

Na ce, "To, ta warke."

Mama Saratu ta ce, "Ɗana, tsaya. Da ka sauka daga mota, dutse yana wane hannu?"

"Dama."

"Rafi fa?"

"Wajen faɗuwar rana. Ina jin ya canza hanya."

"Yesu mai ceto," in ji ta, ta rufe baki da gefen zane.

Don in kashe maganar sai na zaro wasiƙa na miƙa wa Malam Iliya. Na ce, "Ga shaida." Wallahi haka na ce. Ya farke ambulan, ya gyara murya, ya fara karantawa da ƙarfi kamar yadda ya saba. "Daga fadar dagacin…" Ya tsaya. Ya kai takardar kusa da ido, ya nisantar da ita. Baba ya ce, "Karanta mana." Ya karanta sunan. Sunan Tsallake ne.

Ban gane ba nan take. Na ce, "Me ya kawo su cikin wasiƙarmu?"

Malam Iliya ya ci gaba da karatu. Wai suna godiya ga 'ya'yansu na Zariya da suka tuna da gida. Wai tun da gada ta karye kwanan baya mota ba ta ƙetarawa, a wurinsu take tsayawa, kuma ga shi alheri ya fara sauka. Wai suna yaba wa ɗan aike musamman, jarumi, wanda ya hau mangwaro da kansa ya juya lasifika wajen rafi, har maƙwabta suka tattara gangunansu tun rana ba ta faɗi ba.

Sai a lokacin dutse da rafi suka koma wurarensu a kaina. Ɗan kiɗan gwangwanin nan namu ne. Ni na kashe shi. Da janaretanmu.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Wani a baya ya fara dariya ya mayar da ita tari. Mama Saratu ta ce, "Kwana biyu ka yi a garin mutane! Ba ka tambayi kowa ba?"

"Sun san Bitrus," na ce.

Nan ajin ya fashe. Har da masu riƙe ciki. Ni ban yi dariya ba. Abu ɗaya nake tunani: za su cire sunana daga littafi. Mutumin da ya kai makamin gari ga abokan hamayya, wa zai ɗauki gawarsa? Na juya wurin Baba Yohanna, shi kaɗai ne a cikinsu bai yi dariya ba. Na ce, "Baba, in za a kore ni, a faɗa mini yanzu."

Ya daɗe yana goge tabarau. Sannan ya ce, "Ni na ce maka inda mota ta tsaya. Rabin laifin nawa ne. Rabin kuma na bakinka ne da ba ya buɗuwa." Ya mayar da tabarau. "Ba mai korar ka. Ran da Ubangiji ya kira ka, za mu kai ka gida. Amma kai dai ka kwanta abinka. Ba kai za ka nuna hanya ba."

Lasifika ba su dawo ba. An tura dattawa, Tsallake suka ce kyauta ba ta komawa, amma suka yarda a riƙa aron ɗaya. Shi ya sa yanzu bikin garuruwan biyu ba ya faɗuwa rana ɗaya, kuma kowa yana zuwa na kowa. Wasu suna cewa ni na shirya su. Ƙarya ne, ɓata na yi. Da Ista Mama Saratu ta kama hannuna kamar ɗan yaye ta ƙetare da ni rafin da ƙafa, ta nuna mini kangon gidanmu. Dutse yana hagu.

Shekarar nan na shiga ajin yaƙi da jahilci, don kada in sake ɗaukar wa kaina sammaci a aljihu ina murna. Kuma yanzu ko Palladan nan kusa da Samaru zan je, sai na tambayi direba sau biyu, in sauka in sake tambayar mai shayi. Tsohuwar nan ta Tsallake kuwa har ta rasu tana aiko mini da acha. Ta ce ita dai ta ga hancin.