Muhandis Mukhtaru da Katin da Ba Shi da Iƙama

Duk unguwar Jarwal, a nan ƙasa mai tsarki, babu kamar Muhandis Mukhtaru, wato injiniya, a sanin kwamfuta, kuma shi da kansa ya tabbatar mana. Bai taɓa buɗe na'ura ya rufe ba tare da wani abu ya yi saura ba. Wannan saura yakan kira shi ziyada, wato ƙarin da kamfani ya cusa don cutar talaka. Wanda ya fi kyau a ciki sai ya rataya shi a zoben makullansa, saboda jama'a su san da wa suke magana.

Hajiya Ɗaso ce ta aika a kira shi. Ta zo aikin Hajji tun da ƙarfinta, ta zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama, gida ya gagara komawa. Yau sunan jikarta a Sakkwato, an ce za a nuna mata jaririyar kai tsaye. Idonta ya yi rauni, ba ta gane fuska a waya, sai a faffaɗan gilashin kwamfuta. Ga shi kwamfutar ta ce sam ba ta san wani katin waifai a cikinta ba.

Muhandis ya iso yana kaɗa makullai. Sai da ya sha shayi tukuna, don ilimi ba ya son gaggawa.

"Ya Khala, kwantar da hankalinki. Matsalar ta'arif ce, manhajar da ke gabatar da kati ga kwamfuta. Yanzu zan sauko da ita daga intanet."

Intanet ɗin kuwa sai da katin. Ya kashe, ya kunna. Ya zagi kamfani, ya haɗa da maƙwabta. Ya kwance bayan kwamfutar, ya tarar da siraran wayoyi biyu, fara da baƙa, suna reto ba a haɗe da komai ba. Ya ƙulle su da juna, ya yi wa kansa jinjina.

Har azahar shiru. Can Sakkwato an raɗa suna, an ci, an watse. Hajiya na zaune da sabon mayafin da ta yafa domin a gan ta, abin tausayi wallahi.

"Khalas, na gano," in ji Muhandis. "Katin nan ba shi da iƙama, shi ya sa aka ƙi gane shi."

Ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai, a gaban matar da ita ma ba ta da ita.

Zai tafi ya mance makullansa. Hajiya ta lalubo ta miƙa masa, yatsanta ya taɓa wani ɗan falle mai ɗigon zinare biyu, daidai mazaunin siraran wayoyin nan biyu.

"Ɗan nan, wannan fa?"

"Ai na kwamfutarki ne. Ziyada ce, na cire ranar da na share mata ƙura."

"Tun ranar ta daina nuna min kowa."

"Kin gani ko?" Ya jefa makullan a aljihu. "Ba don na cire ba, da abin ya fi haka lalacewa."